Ganye Mai Farin Gefe

Ni na yanke itacen Malama Kaneng, kuma ranar da na yanke shi har da alfaharina. Gara in faɗa da bakina tun farko, domin mutanen Unguwar Tudu sun iya ƙara wa magana gishiri, har yau akwai masu cewa akuyata ce ta cinye shi. Akuyata ba ta da laifi. Ƙayar da ke jikin ganyen nan, ko akuyar da ta kwana uku ba ta ci ba sai ta ja da baya.

Sunana Raliya. Shekara shida muna maƙwabtaka da Malama Kaneng a nan Gwarzo, katanga ɗaya ce tsakaninmu, ita ma katangar ba ta wuce ƙirjina ba. 'Yar Filato ce, daga wani ƙauye kusa da Vom, tana koyar da lissafi a wata firamare da ke bayan kasuwa. Mijinta ya rasu tun kafin ta zo, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Ranar da ta tare, a-kori-kura ce ta kawo kayanta. Gado da katifa da tukwane duk suna baya suna shan rana, ita kuwa tana gaba kusa da direba, ta rungume wata tukunyar ƙasa a cinya kamar mai jego. Na leƙa ta ƙofa na ce a raina, ko dai zinariya ce a ciki, ko kuma matar nan da saura.

Ashe itace ne. Bai wuce gwiwa ba, a dunƙule yake kamar an kifa kwando. Ganyensa ƙanana ne masu kauri, suna sheƙi, tsakiyarsu kore shar, gefensu kuwa fari kamar madara, kuma kowane ganye da 'yan ƙayoyinsa a baki. Rani da damina ba ya zubar da ganye. Ita holi take ce masa, wai sunansa ke nan da Turanci, ni kuwa na sa masa Ɗan Jos, sunan kuma ya bi shi.

Ban taɓa ganin ɗan gata irinsa ba. Ba ya shan ruwan tuƙa-tuƙa, wai kanwar ciki tana sa shi ciwo, sai ruwan sama da take tarawa a duro tana tattalinsa har wata damina. Ba ya son ranar azahar. In bazara ta yi zafi, sai ta naɗe tukunyar da jiƙaƙƙen buhun algarara, ta ja shi ƙarƙashin rumfa, ta dawo daga makaranta da gudu don ta sake jiƙa buhun. Ganyen shayin da ta sha, shi take zuba wa a gindi. Ƙasar ma da yake ciki ba tamu ba ce, jar ƙasar garinsu ce ta zo da ita a buhu. Wani lokaci nakan hango ta da reza tana cire wani ɗan reshe tana jefarwa a shara, ban taɓa damuwa in duba ko wane iri ne take cirewa ba.

Wata rana na dafa katanga na ce, "Malama, wai shi me yake haifa ne?"

"Ba ya haifar komai, Inna," in ji ta. "Irinsa akwai mace akwai namiji, kamar gwanda. Wannan mace ce. Sai da namiji a kusa take yin 'ya'ya jajaye, ita kuwa ita kaɗai ce."

"To ana miya da ganyen?"

"A'a."

"Magani fa?"

"Shi ma a'a."

"To ke kin ajiye mai ci ba aiki. Ko kazata ta fi shi amfani."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ba ni labarinsa. Mahaifiyarta, tun tana budurwa, ta yi aiki a gidan wata Baturiya ma'aikaciyar jinya. Da Baturiyar za ta koma ƙasarsu, sai ta yanko mata reshe ɗaya daga itacen ƙofarta. Tsohuwar ta dasa shi a ƙofar ɗakinta na aure, ya girma har ya kai kafaɗa, a gindinsa aka yaye Malama da ƙannenta. Shekarar da za ta taho Gwarzo, uwar ta raino mata wannan ƙaramin daga jikin babban. Bayan shekara biyu aka zo faɗaɗa hanya, katafila ta tumɓuke babban a safiya ɗaya. Saura na tukunyar nan, babu wani.

Duk ranar Lahadi in ta dawo daga coci, sai ta zauna a gindin tukunya ta kira gida ta waya mai hoto. Ba na jin yarensu, amma na san inda hirar take ƙarewa kullum. Sai ta juya wayar ta kai ta daf da ganyen, ka ji muryar tsohuwa daga can tana wani sauti na jin daɗi. Bayan an kashe wayar, Malama takan daɗe a zaune a gindin tukunyar. Kewar gida ce, na san ta. A irin ranakun nan nakan miƙa mata fura ta saman katanga, ba na tambayar komai.

Duk da haka, in faɗi gaskiya, tausayin itacen nake ji. Ni 'yar noma ce. Tun ina yarinya na san cewa in ganyen masara ya yi fari-fari, ciwo ne, cire ta ake yi kafin ta shafa wa 'yan'uwanta. In ganye ya koɗe ya yi ɗorawa-ɗorawa, yunwar taki ce. Lafiyayyen ganye kore ne, ban san wani abu bayan wannan ba. Na ɗauka Malama ta san ɗanta ba shi da lafiya, tana haƙuri da shi ne kawai, shi ya sa ban taɓa furta mata ba. Ba a gaya wa uwa aibin ɗanta.

A ƙarshen watan Yuli na bara waccan, ranar da aka ba da dogon hutu, aka kira ta aka ce jikin tsohuwa ya yi tsanani. Da safe muka kinkimo tukunyar mu biyu, muka ajiye ta a gidana ƙarƙashin darbejiya, kusa da rumfar randa. Tana saɓa jaka tana jero mini dokoki.

"Inna, inuwa dai. In an kwana biyu ba a yi ruwa ba, ki ɗebo na duro. Kada ruwa ya kwanta a tukunyar. Ganyen shayi sau ɗaya a mako."

"Na ji, Malama. Na raini 'ya'ya bakwai, itace ɗaya ba zai gagare ni ba. Ki gaida mai jiki, Allah ya ba ta lafiya."

"Amin, Inna. Na bar miki amana."

Maganar rezar nan ce kaɗai ba ta faɗa ba. Abin da hannu ya saba yi, baki yakan manta da shi.

Kwana takwas da tafiyarta, na tsuguna zan zuba masa ganyen shayi, sai na ga wani sabon tsiro ya fito daga can ƙasan gindi. Kore ne shar, ko ɗigon fari babu, ganyensa ya fi na sauran faɗi, a miƙe yake kamar saurayi. Wallahi daɗi ya kama ni. Na ce ashe Ɗan Jos yana son warkewa, iskar gidana ta karɓe shi.

A makon ne na je Masanawa, can ƙasar Kabo, bikin sunan 'yar ƙanena Jibirin. Jibirin manomin lambu ne, tumatir da albasa da mangwaron aure, duk yankin shi ake tambaya in shuka ta ƙi. Na ƙulle ganye biyu a bakin zanina, ɗaya mai farin gefe, ɗaya koren. Bayan an watse na bi shi lambu na kwance masa. Ya ɗaga su a rana, ya juya, ya murza, ƙaya ta soke shi ya tsotsi yatsa.

"Yaya, ai wannan a bayyane yake," in ji shi. "Cuta ce ta ci tsohon jikin, ga lafiyayyen nan ya fito. In kika bar su tare, shi ma zai kamu. A sare mai ciwon, a ba sabon taki, ki ga ikon Allah."

"Ba nawa ba ne fa, na amana ne."

"To ai amanar ke nan. In aka bar miki akuya ta kamu da ciwo, zuba mata ido za ki yi?"

Ranar kasuwa ya zo a babur da almakashinsa na lambu. Ya ce in riƙe in yanka da kaina don in koya, na kuwa yanka. Reshe goma sha ɗaya, duk masu farin gefe, har muka kai tsohon gindin daidai ƙasa, ya shafe kan da toka. Ya ce duk wani farin tsiro da ya sake leƙowa daga kututturen, in tsinke shi da farce tun yana ƙarami. Sau uku yana leƙowa, sau uku ina tsinkewa, ban yi sakaci ko sau ɗaya ba. Daga nan kututturen ya haƙura ya bushe.

Rassan kuwa ban zubar ba. A gidanmu ba a zubar da ƙaya, shinge ce. Ina da 'yan barkono a bayan rumfar randa waɗanda kaji da 'yan awaki suka dama, sai na bi na kakkafa rassan a ƙasa na zagaye su.

Malama ta kira ni sau ɗaya a tsakiyar Agusta, muryarta a gajiye. Bayan mun gaisa na tambayi mai jiki, ta ce da sauƙi, irin sauƙin da ake faɗa don kada a yi shiru. Sai ta ce, "Inna, Ɗan Jos fa?"

"Yana nan lafiya lau. Ya ma fi da kyau, sai kin zo kin gani."

Na ɓoye sauran don in ba ta mamaki. Wayata ƙarama ce, ba ta ɗaukar hoto. Na ji ta juya ta faɗa wa wani da yarensu, na ji wata siririyar dariya ta tsohuwa. Kwana goma bayan haka tsohuwar ta rasu.

Ta dawo a tsakiyar Satumba, ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Na shiga na yi mata gaisuwa, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, ya aka baro su Baba, Allah ya ba da dangana. Ta amsa duka a hankali. A nan ta gaya mini cewa ba zama ta dawo yi ba. Mahaifinta idonsa ya tafi, ƙannenta duk suna nesa, ta ajiye aiki, kwana tara za ta yi ta haɗa kaya. Don in faranta mata, ni ma in faranta wa kaina, na ce ta taso ta ga ɗanta.

Ga shi nan ƙarƙashin darbejiya, ya kusa kai tsohon tsawonsa, kore shar, yana ta sheƙi. Na tsaya gefe ina murmushi ina jiran godiya.

Ta tsaya. Ta zagaya tukunyar sau ɗaya. Ta durƙusa ta ɗaga rassan tana leƙa ƙasa, har hannunta ya kai kan busasshen kututture. Ta daɗe tana shafa shi da yatsa.

"Inna, ina farin?"

"Ai na warkar miki da shi. Ni da Jibirin muka cire mai ciwon kaf."

Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Zama ta yi a ƙasa a kan jiƙaƙƙiyar tsakar gida da zaninta mai kyau, hawaye yana zuba ba ta share ba. Ni kuwa har lokacin ban san laifina ba.

"Ba ciwo ba ne," in ji ta da ƙyar. "Haka irinsa yake. Koren shi ne ake cirewa, don ya fi ƙarfi, in aka bar shi sai ya cinye farin. Wanda ya koma kore kuma ba ya dawowa. Laifina ne, ban gaya miki ba." Ta ja numfashi. "Ranar da na kira ki, Mama ce ta ce in tambaya ko yana nan da farinsa. Idonta ya daina ganin komai sai farin nan. Na ce mata yana nan, ya ma fi da kyau."

Na zauna kusa da ita. Abin da ya zo mini a rai ba masara ba ce, saniya ce. Mu asalinmu masu kiwo ne kafin mu zauna mu kama fartanya. Babanmu yana da wata saniya da muke kira Ɗiga, fara sol amma da ɗigon baƙi a goshi da bakin kunnuwa. Uwarta haka take, kakarta ma haka, tun garken kakanmu. Shekarar ciwon huhu ta mutu ba ta bar mace ba. Wani aminin Baba ya kawo masa wata saniyar, ta fi Ɗiga girma, ta fi ta nono. Baba ya yi godiya, ya ɗaure ta a turke, amma har ya bar duniya bai sa mata suna ba. Da a jikin saniya na ga farin gefen nan, da kallo ɗaya zan san gado ne. Da yake a jikin ganye ne, sai na kalle shi da idon gona.

Na ce, "Malama, na cuce ki. Ki yafe mini."

"Ba da gangan kika yi ba, Inna." Ta share fuska da bayan hannu. "Rassan, kin ƙone su?"

"Wa zai ƙona ƙaya? Suna nan na yi wa barkono shinge."

Ta miƙe tun kafin in rufe baki. Muka zagaya bayan rumfar randa. Ga su nan a jere yadda na kafa su, sun bushe sun yi ruwan ƙasa, ana taɓa ganyen yana karyewa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ina binta ina ƙirgawa a zuci, har goma. Na sha ɗayan yana can lungu, inda ruwan randa yake ɗiga dare da rana, rana kuma ba ta isa wurin. Ganye uku ne a jikinsa, suna nan da sheƙinsu da farin gefensu.

Na kai hannu zan zaro shi in ga ko ya kama, ta cafke wuyan hannuna.

"Kada ki ja. In ya fara saiwa, siririya ce kamar gashi, kina ja za ta tsinke."

"To ta yaya za mu sani?"

"Sai in ya yi sabon ganye."

"Yaushe ke nan?"

"Wanda Mama ta raino mini wata huɗu ya yi."

Ita kuwa kwana tara gare ta. Muka yanke gindin wata robar ruwa muka kifa masa, muka ɗora tsohon kwando a kai saboda kaji. Shingen da na kafa don ya tsare barkono, yau shi ake yi wa shinge, barkonon ma na tuge su don kada su ci masa abinci.

Ranar tafiyarta, koren ta ɗauka da tukunyarsa, ta ce shi ma daga hannun Mama ya fito, ba za ta yar da shi ba. Ta kawo mini duronta da ragowar jar ƙasa rabin buhu, ta ciro reza sabuwa ta damƙa mini.

Na ce, "Malama, ni za ki sake bar wa? Hannun nan fa shi ya yanke."

"To wa zan bar wa, Inna? Duk Gwarzo yanzu ke kaɗai kika san shi."

Na raka ta har bakin titi. Da na dawo na dafa katangar nan na leƙa, tsakar gidan fayau, sai zagayen da gindin tukunya ya bari a ƙasa.

A watan Janairu ya yi sabon ganye. Da farko ja-ja ya fito, ɗan mitsitsi, na kwana uku ina tsoron kallonsa. A rana ta huɗu ya buɗe, ga farin nan a gefe kamar an zana da alli. Na aika aka kira Jibirin, ya taso tun daga Masanawa, ya kwanta rub da ciki a bayan rumfar randa da babbar rigarsa ya ɗauki hoto da wayarsa ya tura mata. Tun ranar da na gaya masa abin da muka yi, bai sake ba da shawara a kan shukar da bai sani ba, ko da yake a kan sauran al'amuran duniya bakinsa yana nan yadda yake.

Yanzu shekara biyu ke nan. Yana cikin sabuwar tukunya, ya kusa kai gwiwa, ya fara dunƙulewa kamar uwarsa. Na iya jiƙa buhu da bazara, na koyi shan shayi don in samu ganyen da zan ba shi. Sau huɗu kore yana fitowa, sau huɗu ina sa reza, kuma har yau in zan yanke lafiyayyen reshe sai na kau da kai. Wasu mutane ne a gidan Malama yanzu, mutanen kirki, amma ba na miƙa fura ta saman katanga.

Duk Lahadi in ta dawo daga coci takan kira. Ta ce koren ya zama ƙato a ƙofar gidansu, kowa yana yaba shi, ita kuwa ba ta cika kallonsa ba. A makon jiya, bayan mun gama gaisawa, ta ce, "Inna, akwai wani direba, Muhsin, yana kai dankali Kano duk mako. Na yi magana da shi, ya ce zai iya biyowa ta Gwarzo. Ki ba shi tukunyar ya kawo mini."

"Ba zai yiwu ba."

"Me ya sa?"

"Bai saba da baƙo ba. Direba zai jefa shi baya cikin buhuna ne rana ta dafa shi. Yadda kika kawo uwarsa a cinya, haka za ki zo ki mayar da shi."

Ta ce, "To, hutun Disamba, in Allah ya yarda. In na samu mai zama da Baba."

Haka ta ce bara ma. Na ce Allah ya kai mu, na je na duba duro, na ga ruwan zai kai mu Disamba in na yi tattali.

Gaskiyar magana, Ɗan Jos zai iya tafiya a motar Muhsin lafiya lau. Saiwarsa ta cika tukunya, ya fi ni ƙarfi yanzu, kuma na ji an ce yaron mai amana ne. Amma in na ba direba shi, ban san abin da zai sake kawo Malama Gwarzo ba.